Rigimar Core da Knots: wa ke da ta-cewa a harkar Bitcoin?

Masu saurare da dama, musamman ƴan uwanmu na ƙetare, suna tambayar mu ko gaskiya ne Bitcoin na shirin rabewa gida biyu. Ga bayanin abin da ake jayayya a kai.

Yadda abin yake aiki

Bitcoin kuɗi ne na intanet da ya fara aiki a watan Janairu na 2009. Ba shi da babban banki, ba shi da shugaba. Abin da ke riƙe da shi kundi ne guda, wanda ake rubuta duk wanda ya biya wani a cikinsa. Kusan kowane minti 10 masu haƙar Bitcoin na ƙara masa sabon shafi. Dubban kwamfutoci a duniya suna ajiye kwafin kundin, kowace tana bincika shafin da ya zo, in ya saɓa ƙa'ida ta ƙi shi. Irin wannan kwamfuta ita ake kira nod. Kowa na iya kunna tasa a gida, kuma shi ke zaɓen manhajar da zai sa mata. To a wurin zaɓen nan ne rigima ke tashi.

Manhajojin biyu

Bitcoin Core ita ce wadda ta samo asali daga manhajar farko ta Satoshi Nakamoto, kuma ita akasarin nod ke amfani da ita. Bitcoin Knots reshenta ce, wani masani mai suna Luke Dashjr ke kula da ita. Tushensu ɗaya, sai dai Knots ta fi tsanani wajen tace abin da take yarda ta miƙa wa maƙwabtanta.

Mafarin saɓanin

A cikin biyan kuɗi na Bitcoin akwai ɗan gurbi, OP_RETURN, inda mutum zai iya liƙa rubutun da ba kuɗi ba. Shekara da shekaru Core ba ta miƙa saƙon da gurbinsa ya wuce bayit 83, wato bai kai gajeren saƙon salula guda ba. Amma daga farkon 2023, da tsarin Ordinals ya fito, mutane suka samu wata ƙofa suna cusa hotuna da tarkace iri-iri cikin kundin. A watan Oktoba na 2025 Core ta fitar da zubi na 30, ta ɗaga iyakar zuwa bayit 100,000.

Masu goyon bayan Core sun ce shingen ya riga ya zama na banza: mai son cusa hoto yana kai wa masu haƙa kai tsaye, ya biya, su sa masa. Gara a buɗe ƙofar da ba ta da illa sosai, da a bar mutane suna bin hanyoyin da ke ƙara wa kowace nod nauyi har abada. Ƴan Knots kuwa sun ce kundin na kuɗi ne, ba rumbun ajiyar hotuna ba. Suna kuma tsoron wani ya liƙa abin ƙazanta ko haramtacce, ya zauna a kwamfutar bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Cikin 2025 masu komawa Knots sun ƙaru sosai, har suka kai wajen ɗaya cikin biyar na nod ɗin da ake iya ƙirgawa.

Ko zai rabe?

Nan sai a natsu. Ƙa'idoji iri biyu ne. Akwai na miƙa saƙo, wanda kowace nod ke da ikon tsara nata. Akwai kuma na karɓar shafi, wanda dole kowa ya yarda da iri ɗaya. Rigimar ta faro ne a kan iri na farko. Ko Knots ta ƙi miƙa wani saƙo, in mai haƙa ya sa shi cikin shafi, tana karɓar shafin. Kundi na rabewa ne kawai in wani ɓangare ya canza ƙa'idar karɓar shafi, sauran suka ƙi bin sa.

An taɓa ganin haka. Daga 2015 aka yi ta ja-in-ja kan girman shafi, wanda aka taƙaita a megabayit 1. Manhajoji irin su Bitcoin XT da Bitcoin Classic da Bitcoin Unlimited suka fito neman a faɗaɗa. Ranar 1 ga Agusta 2017 wasu suka ɓalle da megabayit 8, suka kafa Bitcoin Cash. Jama'a mafi yawa ba su bi su ba, kuma darajar sabon kuɗin ta tsaya can ƙasa da ta na asali. Darasin shi ne manyan kamfanoni da marubuta manhaja ba su iya tilasta wa masu nod abin da ba su so.

Abin kiyayewa

Wanda ke da Bitcoin a waya ba sai ya zaɓi ɓangare ba, kuɗinsa na nan inda yake. Amma lokacin ruɗani kasuwar ƴan damfara ke ci. Duk wanda ya ce ku turo kalmomin sirrin asusunku, guda 12 ko 24, wai don ya maida ku sabon tsari, ɓarawo ne. Ku tuna Bitcoin ba sefa ba ne, ba BCEAO ta buga shi ba, kuma abin da aka tura ba ya dawowa. Kada a zuba kuɗin iri ko na cimaka a cikinsa.