Malam Aminu Kano da Neman Manufar Rayuwa

Gabatarwa

A zaman Hausawa na dauri ba kasafai mutum yakan zaɓar wa kansa manufar rayuwa ba, domin galibi gado ne yake yanke masa wannan shawara: ɗan maƙeri ya gaji uwar maƙera, ɗan malam ya gaji allo da littattafai, ɗan sarki kuwa ya zuba ido ga rawani. Zuwan Turawa ya buɗe wata hanya ta daban, watau ilmin boko da aikin albashi. Rayuwar Malam Aminu Kano (1920–1983) ta cancanci nazari saboda hanyoyin nan biyu duk sun buɗe masa, amma ya kama ta uku.

Tushen Aƙidarsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a zuriyar Gyanawa waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. A wannan gida ya tashi da fahimtar cewa adalci shi ne ginshiƙin mulki, kamar yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi suka karantar. Wannan ne ma'aunin da ya riƙa auna mulkin En'e da shi daga baya.

Bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1942 sai ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil ta Bauci. A can ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi, wanda ya nuna masa cewa ana iya sukar azzaluman masu mulki da hujjojin addini kansa. Tare suka riƙa halartar zauren muhawara na Bauci, inda ake tattauna al'amuran En'e a gaban jami'an Turawa.

A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa. Ya cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba masu ra'ayin gurguzu, ya kuma bi labarin gwagwarmayar Indiya. Daga Mahatma Gandhi ya ɗauki darasi biyu: yaƙi da zalunci ba tare da makami ba, da kuma zaman shugaba cikin irin halin da mabiyansa suke ciki.

Ranar Zaɓi

Aƙida ba ta tabbata sai ta ci wa mai ita wani abu. Bayan dawowarsa ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, sa'an nan aka mayar da shi Maru ta lardin Sakkwato ya shugabanci makarantar horon malamai. A wancan zamani masu ilmi irin nasa ƙalilan ne a Arewa, da ya yi shiru da manyan muƙamai sun zo masa har gida. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kafin shekarar ta ƙare kuwa ya ajiye aikin gwamnati ya koma cikinta, ya zama shugabanta a 1953. Manufar da ya tsayar ita ce 'yantar da talaka, har da ilmantar da mata da ba su 'yancin jefa ƙuri'a.

Zaɓin bai zo da sauƙi ba. An ɗaure 'yan NEPU da yawa a kotunan En'e, shi kansa ya faɗi zaɓen 1954, bai shiga majalisar tarayya ba sai 1959. Har ila yau bai tsira daga zargi ba. Wasu sun soki karɓar muƙamin kwamishina da ya yi a gwamnatin soja ta Janar Gowon daga 1967, a 1980 kuma jam'iyyarsa ta PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɓangare yana cewa shi ne mai riƙe da aƙidar ta gaskiya.

Kammalawa

Duk da haka manufar ta haifi abin da talaka ya gani a ƙasa. A 1979 gwamnatin PRP ta Alhaji Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Manomin Rimin Gado da makwabcinsa Bafillace, waɗanda suka saba sayar da hatsi ko dabba domin su sallami dagaci, suka huta da wannan nauyi. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 bai tara dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya, ya koma hannun Jami'ar Bayero ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Abin da tarihinsa ya nuna shi ne, bai yar da gadon gidansu ba, kuma bai haɗiye abin da ya gani a Turai ɗungurungum ba. Ya tace kowanne ya ɗauki abin da zai amfani talaka, sa'an nan ya yarda ya biya farashinsa.