Dutsen Zagami da Abin da Ke Cikinsa

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa a Zagami, kusa da Faskari a Lardin Katsina, sai ya ji ƙara kamar tsawa. Wani dutse ya faɗo kusa da shi, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi, nauyinsa ya kai kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna.

An daɗe kafin a tabbatar da asalinsa. A 1976 kumbunan Viking na Amurka suka sauka a duniyar Mars, suka auna iskar can. A 1995 masana suka gano irin wannan iskar a maƙale cikin dutsen Zagami. Ashe daga Mars ya zo.

Babu zinare a cikinsa, babu lu'ulu'u. Darajarsa tana cikin yadda ya baro gida. Wani ƙaton dutse ne ya daki Mars har ya cillo shi sararin samaniya, kuma matsi da zafin wannan dukan suka haifar da ma'adinan da ba a tsintar irinsu a doron ƙasarmu. A cikinsa aka fara gano liebermannite, da wani ma'adinin da aka raɗa wa suna zagamiite, don tunawa da wurin da ya faɗo.

Amma ba a Katsina aka yi wannan binciken ba. Wani dillali Ba'amurke, Robert Haag, ya samu babban kaso na dutsen, aka yanyanka shi ana sayarwa giram-giram. A 1996 ma aka sa ɗan ɓarɓashinsa cikin kumbon Mars Global Surveyor, ya koma inda ya fito.

Labarin ya sake maimaita kansa a Nijar. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 a yankin Agadez. A Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuwa ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi.

Wanda ya iya karanta abin da ke cikin dutse shi ke yanka masa farashi. Muddin jami'o'inmu ba su da na'urorin wannan aikin, sunan ƙauyenmu kaɗai zai rage mana.