Yadda aka faro hawa da faɗuwa a ƙwallon Ingila: zare

1/ Duk ƙarshen kaka hankalinmu a gidan kallo yana kan wanda zai ɗaga kofi. Ni kuwa ƙasan teburi nake kallo, don can ake wasan rai da mutuwa. Tsarin nan na hawa da faɗuwa yana da tarihi, kuma har da maguɗi da cizon kare a cikinsa. Ku biyo ni.

2/ A 1888 aka kafa gasar lig ta Ingila da ƙungiyoyi 12, bisa shawarar William McGregor na Aston Villa. Rukuni ɗaya ne tal, babu inda za a faɗa. Waɗanda suka ƙare a ƙasa sai su roƙi sauran ƙungiyoyi su sake zaɓarsu da ƙuri'a.

3/ A 1892 aka buɗe rukuni na biyu. Amma ko ka zo na ɗaya a can, ba ka hau ba tukuna. Sai an haɗa ka wasan gwaji da na ƙasan rukunin farko, wanda ya yi nasara shi ne a sama.

4/ A 1898 tsarin ya tona wa kansa asiri. Ƙungiyoyi huɗu ne a wasannin gwajin: Stoke, Blackburn, Burnley da Newcastle. A wasan ƙarshe Stoke da Burnley suka lissafa cewa canjaras ya ishe su duka biyun. Suka yi ta gara ƙwallo babu mai neman raga, aka tashi 0-0.

5/ Abin ya yi muni har hukumar gasar ta soke wasan gwaji. Daga nan biyun ƙarshe su faɗo, biyun farko su hau, babu ciniki. Aka kuma faɗaɗa rukunin farko daga 16 zuwa 18, Blackburn da Newcastle da aka cuta suka samu gurbi. A kakar 1973/74 aka mayar da shi uku su hau, uku su faɗo. A wannan kakar ce Manchester United ta gangara.

6/ Amma can ƙasan rukuni na huɗu ƙofa a kulle take. Ta ƙarshe ba ta faɗuwa, ƙuri'a ake kaɗawa, kuma shugabannin ƙungiyoyi sukan rufa wa juna asiri. Hartlepool sau 14 tana neman a sake zaɓarta, kuma kullum tana tsira. Altrincham ta ci gasar da ke ƙasa da lig a 1980, ƙuri'a ɗaya ta hana ta shiga.

7/ Sai a kakar 1986/87 aka buɗe wannan ƙofar. Ranar ƙarshe Crewe tana cin Torquay 2-1, faɗuwa ta zo mata wuya. Wani karen 'yan sanda mai suna Bryn ya ga ɗan wasan Torquay Jim McNichol ya nufo gefen fili a guje, ya ɗauka ubangidansa zai kai wa hari, ya cafke shi a cinya.

8/ Lokacin da aka ɓata wajen yi masa magani alƙalin wasa ya ƙara. A cikin ƙarin ne Paul Dobson ya farke, 2-2. Torquay ta tsira da bambancin ƙwallaye, Lincoln City ta zama ta farko da ta faɗo daga lig kai tsaye. Scarborough ce ta maye gurbinta. Ku riƙe sunan nan.

9/ A 1987 ɗin aka fara wasannin cike gurbi. Da farko har da ƙungiya ɗaya daga rukunin sama ake sawa, ta nan Chelsea ta faɗo a 1988 a hannun Middlesbrough. Daga 1990 aka mayar da wasan ƙarshe karawa ɗaya a Wembley.

10/ Ranar 8 ga Mayu 1999. Scarborough ta gama wasanta 1-1, magoya baya sun cika fili suna murnar tsira. A Carlisle kuwa ba a tashi ba, ana 1-1 da Plymouth, kuma sai Carlisle ta ci za ta rayu. Aka samu kwana a daƙiƙun ƙarshe, mai tsaron raga Jimmy Glass, ɗan aro daga Swindon, ya bar ragarsa ya taho. Shi ya ci. Scarborough ta fita ta ƙofar da ta shigo. Wasa uku kacal Glass ya buga wa Carlisle.

11/ A Firimiya, 15 ga Mayu 2005 ce ranar da ba a mantawa. Babu ƙungiyar da ta riga ta faɗi kafin wasan ƙarshe. West Brom, inda Kanu yake a lokacin, ita ce ta ƙarshe a teburi a ranar Kirsimeti, ita ce kuma ta ƙarshe da safiyar ranar.

12/ Ta ci Portsmouth 2-0. Fulham ta lallasa Norwich 6-0, United ta ci Southampton 2-1, Charlton ta farke wa Crystal Palace ana dab da tashi, 2-2. West Brom ta tsira da maki 34. West Ham kuwa da maki 42 ta tafi ajin 'yan dagaji a 2003. Wato abin da maƙwabtanka suka tara shi ke yanke maka hukunci.

13/ Ƙofar da ta cinye Lincoln da Scarborough ita ce ta bai wa Luton hanya. A 2014 ta dawo lig daga rukuni na biyar, a 2023 ta doke Coventry da fanareti a Wembley ta shiga Firimiya.

14/ Shi ya sa a Afrilun 2021, da manyan ƙungiyoyin Ingila shida suka shiga Super League, gasar da waɗanda suka kafa ta ba sa faɗuwa, magoya bayansu ne suka fara fita zanga-zanga. Cikin kwana biyu duk suka janye. Tsohon tsarin rufa wa juna asiri ne aka so dawo da shi, mutane suka ƙi.

15/ Don haka in Mayu ta zo, a roƙi mai gidan kallo ya bar talabijin ɗaya a kan wasan 'yan ƙasan teburi. Wace faɗuwa ko tsira ce ba za ku manta ba? Ku ajiye min a ƙasa.