Tarihin da muka sayar a kan sikeli

Gobe 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne kwanson harsashin igwa na tagulla da kakana ya dawo da shi daga Yaƙin Burma. Da ƙusa ya zana sunansa, lambarsa ta soja da kalmar Kaladan, kwarin da Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta gwabza da sojojin Japan a 1944.

Wannan al'ada ta girmi yaƙinsu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, sojoji a Faransa da Beljiyam sukan yi wa irin wannan kwanso zane idan wuta ta lafa, a kai gida a riƙa zuba furanni. Yau masu tara kayan tarihi saye suke yi, gidajen tarihi suna adanawa.

Namu fa? Bayan rasuwarsa aka share ɗaki, aka sayar wa ɗan gwangwan. Wallahi ina tsaye, ban ce uffan ba, don a lokacin tarkace na ɗauke shi.

Jama'a, a duba tsofaffin adakokin gida. Lambar yabo, hoto, takardar sallama, duk a killace, a tambayi tsofaffi labarinsu tun suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu.