Ilimin 'ya'ya mata a Mararaban Rido da Kudancin Kaduna

Mararaban Rido gari ne a Ƙaramar Hukumar Chikun, a gefen birnin Kaduna, kusa da matatar mai, bisa hanyar da ta nufi Kachia ta zarce Zonkwa da Kafanchan. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma a yau ƙabilu da yawa na kudancin jihar suna zaune a cikinsa, har da iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu na Chikun da Kajuru.

Karatun 'ya mace ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun zamanin Turawa 'yan mishan suka buɗe makarantu a Kwoi da Kagoro, waɗanda suka yaye malamai da ma'aikatan jinya mata. Abin da ya fi cire yarinya daga aji a yanzu shi ne talauci, ciki tun da ƙuruciya, tura ta aikatau birni, da kuma tsoro.

Tsoron yana da dalili. Ranar 5 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121, maza da mata, daga sakandaren Bethel Baptist da ke Damishi, a kan wannan hanya ta Kachia. Na ƙarshensu bai kuɓuta ba sai a Nuwamba 2023. A Maris 2024 aka sake irin wannan a Kuriga, ita ma a Chikun. Cikin yara 137 da aka ceto, 76 mata ne. Iyayen da suka ga haka sukan fara janye 'ya mace, kuma wadda ta zauna gida shekara guda da wuya ta koma.

A 2018 gwamnatin jihar ta mayar da karatun sakandare kyauta ga 'yan mata a makarantunta. Sai dai yafe kuɗin makaranta bai sayen yunifom, bai biyan kuɗin mota. Wannan giɓi ne shirin AGILE ya nufa. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 dominsa a 2020, kuma Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko. Shirin yana gina ajujuwa da banɗakuna, yana ba iyalai marasa ƙarfi tallafin kuɗi bisa sharaɗin yarinya ta ci gaba da zuwa makaranta, yana kuma haɗa 'yan mata da wata babbar mace mai ba su shawara kan lafiya da zaman duniya.

Al'umma ma ba ta jira gwamnati ba. Zumuntar mata ta coci-coci da adashin unguwa sun daɗe suna ɗauke wa marayu nauyin karatu. A Bayan Loko, Kafanchan, Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta fara da bai wa matan karkara ƙananan rance, daga baya ta ƙara da koyar da kwamfuta ga matasa.