Kafin dara ta bi tsofaffi: tarihin wasa cikin wasa, da abin da Gudel ke da shi

 Shekaranjiya da la'asar na tarar da ɗan yayata a fada, shayi ya huce a gabansa, ido na kan salula. Na leƙa, sai na ga jarumin da yake tuƙawa ya ajiye takobi, ya shiga wata rumfa yana buga kati da wani. Na ce masa ina yaƙin? Ya ce: "Kawu, ai wannan wasa ne cikin wasa, shi ya fi daɗi." Taku kaɗan daga nan, tsofaffi biyu na zaune a ƙasa suna dara, babu yaro ko ɗaya da ke kallonsu.

Abin da yaron ke yi yana da tarihi. A irin wasannin nan na intanet, kowa yana ɗaukar jarumi guda, ya raine shi, ya shiga gari, ya yi ciniki, ya haɗu da mutanen wasu ƙasashe. Mu da muka yi lakwal a shekarun 2000 mun san Dofus, wanda kamfanin Ankama na garin Roubaix a Faransa ya fitar a 2004. Kuɗin karin kumallo muke tarawa mu saye awa guda a sibar, rabinta ta tafi wajen jiran layi. Masu ƙera wasannin sun gane tun da wuri cewa yaƙi kullum yana gundura, sai suka riƙa saka ƙananan wasanni a ciki. A 1999 Japanawa suka saka wasan kati mai suna Triple Triad cikin Final Fantasy VIII, ya samu karɓuwa har aka maido shi a 2015 cikin Final Fantasy XIV da ake bugawa ta intanet. A 2015 ɗin ne mutanen Folan suka saka Gwent cikin The Witcher 3, zuwa 2018 ya zama wasa mai cin gashin kansa.

Wanda ya fi tsaya mani a rai shi ne na 2012. Cikin Assassin's Creed III an saka fanorona, darar mutanen Madagaska. Yaran da ba su taɓa jin sunan tsibirin ba sun koyi wasan kakannin wasu, don kawai an ajiye musu shi a kan hanya.

To mu fa? Gudel ta girmi zaman Yamai babban birni, wanda ya tabbata a 1926. Ƙauye ne na bakin kogin Isa kafin gari ya haɗiye shi, kuma dara, wadda Zabarmawa ke kira dili, ba baƙuwa ba ce a nan. Ga yadda take, don waɗanda suka manta: gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, layi 5 sau 6. Kowa na da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Da farko a jera su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka haɗa uku ba. In an gama jeri sai tafiya, gurbi ɗaya kawai, ba a yanke kwana. Duk wanda ya jera uku ya cire ɗa guda na abokin karawa. Huɗu a layi ba ci ba ne. Wanda ya kasa haɗa uku ya faɗi. Ba ta bukatar layi mai ƙarfi, ba ta cin batir, minti goma an tashi. Ko masu ƙera wasa na Japan ba za su nemi abin da ya fi wannan ba.

Na biyu ita ce kokowa. A 1975, zamanin Janar Seyni Kunce, aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka. Tun daga nan jihohi ke karɓar gasar bi da bi, har zuwa zamanin Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi sau da yawa. A wasan salula, jarumi zai iya shiga fili da layu da makaɗi, ya yi kirari kafin kamu, ƙa'ida kuma tamu: bayanka ko gwiwoyinka suka taɓa ƙasa, ka faɗi. Sai langa, ƙafa ɗaya a hannu, a ture abokin gaba. Sai tsallaka kogi da jirgin kwale-kwale ana kauce wa dorina, abin da mutanen nan suka sani tun kafin a buɗe gada ta uku a 2021.

Kada wani ya ce sai Turawa. A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. A nan Yamai ma wani matashi ya ƙera Les Héros du Sahel. Hannu akwai.

Abin da ke ƙarewa shi ne masu sanin. Da na koma wajen tsofaffin nan na gaishe su, ɗayan ya ce mani: "Ɗana, da mu goma muke zama a nan." Dabarun jeri, da tarkon da ake ɗanawa, da baƙar maganar da ake jefa wa wanda aka ci, duk a kansu suke, ba a takarda ba.

Don haka ga roƙona. Duk mai salula a unguwar nan, wannan mako ya je ya durƙusa gaban mai dara, ya nemi izini, ya ɗauki wasa ɗaya daga jeri har tashi, ya tambayi sunan kowane motsi da Hausa da Zabarmanci. Ku aiko mana, za mu tara, mu miƙa wa 'yan jami'a masu karatun kwamfuta. Ɗan yayata dai na kai shi jiya. An cinye shi sau uku a jere, kuma ya ce yau zai koma.