Diban Gwamna da Kuzar Jos

Babu ramin kuza a Dogon Daji ko Tambuwal ko Kebbe. Layin dogon da ya taso daga Zariya ma a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Duk da haka, wanda ya tsallake irin waɗannan gundumomi na ƙasar Sakkwato wajen ba da tarihin masana'antun farko na Arewa ya bar rabin labari a baya. Kamfanonin Turawa masu haƙar kuza a Jos da Bukuru sun fi dogara da ƙarfin ɗan Adam fiye da inji: diga, shebur, da kwanon da lebura ke ɗorawa a ka ya hauro daga rami, taɓo na tsiyayo masa a wuya. Ƙauye ne ya sa wannan ƙwadago ya yi araha. Gonar gida ce ta raini leburan, ita ke riƙe da iyalinsa, ita ce kuma za ta karɓe shi in ya dawo da tari ko karaya. Kamfani kwanakin aiki kaɗai yake biya.

Wani zai ce ai cin rani ya girmi zuwan Bature, kuma da ƙafarsu mazan Lardin Sakkwato suke bin hanyar Jega da Yawuri neman kuɗi bayan kaka. Haka ne. Amma da aka mayar da haraji ya zama sai da tsabar kuɗi, a ƙasar da gero da dawa ne dukiyar manomi, tafiyar ta tashi daga neman ƙari ta koma neman tsira daga dogarin hakimi. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai ma aka daina sakayawa. Aka yanka wa lardunan Arewa kason mutanen da za su tura haƙar kuza, har da Sakkwato. Umurni ya sauko daga Razdan zuwa Sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, ya dire a ƙofar wanda ba shi da mai tsaya masa. Shi ne abin da talakawa suka kira diban gwamna, kuma wajen mutum 100,000 ya kwasa kafin a dakatar da shi a 1944.

Akwai masu kafa hujja da yaƙi, tunda yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930 ta keɓe lokacin yaƙi. Sai dai yaƙi bai hana a gina wa mutane ɗaki mai kyau ko a ba su bargo da isasshen hatsi ba. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato aka kai shi bukka a kan tsauni cikin sanyin hunturu, yana aiki cikin ruwa da ragaggen ciki. Da yawa suka gudu, ɗaruruwa suka mutu, ciwon huhu na cikin manyan dalilai. Kuzar ma ba ta ƙaru gwargwadon yawan mutanen da aka kwaso ba, ga gonakin waɗanda aka ɗiba da damina sun rasa mai nome su.